Daƙiƙa 12.12 Da Horon Da Ba Ya Jiran Numfashi

Ranar 24 ga Yulin 2022, a birnin Eugene na Amurka, Tobi Amusan ta kammala tseren tsallake shinge na mita 100 cikin daƙiƙa 12.12, ta shafe tarihin daƙiƙa 12.20 da Kendra Harrison ta kafa a 2016. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ƙiftawar ido ba. A zagayen ƙarshe na wannan rana ta yi 12.06, amma ba a shigar da shi kundin tarihi ba, domin iskar da ke kaɗawa daga bayanta ta haura mita 2 a daƙiƙa guda, iyakar da doka ta yarda da ita.

Gudu irin wannan ba numfashi ke ɗauke da shi ba. Tsoka na da wani ɗan ajiyayyen sinadari, fosfokiratin, wanda take ƙonawa nan take ba tare da jiran iskar oksijin ba, sai dai ba ya wuce kimanin daƙiƙa 10 yake ƙarewa. Daga nan jiki ya koma farfasa sukarin da ke cikin tsoka da gaggawa, hanyar da kan riƙe ɗan wasa na minti ɗaya zuwa biyu, tana tara sinadarin laktet a jini, tsoka kuma tana ɗaukar raɗaɗi. Masana na kiran wannan fanni anarobik. Shi ne abin da ke sa ƙafafun mai tseren mita 400 su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse a mita 100 na ƙarshe, kuma iya jure shi ne ya ba Falilat Ogunkoya tagulla a Atlanta a 1996 da daƙiƙa 49.10. Af, ciwon jikin da ake tashi da shi washegari ba laifin laktet ba ne, ko da yake an daɗe ana ɗora masa. Shi kan bar jini cikin kamar awa guda.

Horon da ke gina wannan ƙarfi gajere ne, mai tsanani: gudun mita 30 zuwa 60 da iyakar ƙarfi, hawan tudu a guje, tsalle-tsalle da ɗaga ƙarfe. Abin da ƙananan masu horarwa suka fi kuskurewa shi ne hutu. Tsoka na buƙatar minti 3 zuwa 5 kafin ta mayar da ajiyar da ta ƙone. Kocin da ya hana yaro wannan hutu don a ce yana da tsauri, juriya yake koya masa, ba sauri ba, kuma sau da yawa tsagewar tsokar bayan cinya ce ke biyo baya.

To, ta yaya ake sanin horon yana aiki? Nan ne gizo ke saƙar. A ɗakin gwaji akwai gwajin Wingate, wanda aka ƙirƙiro a Isra'ila a shekarun 1970: ɗan wasa ya tuƙa keken da ba ya tafiya na daƙiƙa 30 da dukkan ƙarfinsa, an ɗora wa keken nauyin da ya kai kashi 7.5 cikin 100 na nauyin jikinsa, a auna ƙololuwar ƙarfinsa da yadda ya riƙa raguwa. A fili kuwa akwai mai sauƙi: gudun mita 35 sau shida, da hutun daƙiƙa 10 a tsakani. Bambancin gudu na farko da na shida shi ke faɗin gaskiyar ɗan wasa. Amma sakamakon rana ɗaya ba ya nuna komai sai an maimaita bayan makonni, a fili ɗaya, a lokaci ɗaya, an kuma rubuta.

Agogon hannu ma yana yaudara. Yatsan mai riƙe da shi kan makara wajen dannawa bayan tashin bindiga, shi ya sa aka saba ƙara daƙiƙa 0.24 a kan lokacin da ya bayar a tseren mita 100. Tun 1977 hukumar guje-guje ta duniya ba ta karɓar tarihin gajeren tsere sai wanda na'ura ta auna. Yaron da aka yi wa guɗa a gasar jiha da 10.2 na agogon hannu, a idon duniya 10.44 ya yi.

Wannan batu ya shafi teburin ma'aikaci kamar yadda ya shafi fili. A Tokyo a 2021 an hana 'yan wasan Najeriya 10 shiga gasa saboda ba a cika adadin gwajin ƙwayoyi da ake buƙata kafin gasar ba. A Paris a 2024 ba a shigar da sunan Favour Ofili tseren mita 100 ba alhali ta cancanta, tawagar kuma ta dawo ba lambar yabo ko ɗaya. A Oktoban shekarar aka rushe ma'aikatar wasanni, aka miƙa aikin ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko. Duk jami'in da takardar neman kuɗin zaman horo ta biyo ta hannunsa yana da hurumin tambaya: wace na'ura za ta auna gudun, akwai ma'aunin iska, kuma a wane kundi aka adana sakamakon bara na waɗannan 'yan wasa?

Su kuwa ma'aikatan da kan fita motsa jiki da safiyar Asabar a bakin tafkin Jabi, irin wannan horo kan ɗaga bugun zuciya kusa da iyakarsa cikin ɗan lokaci. Mai hawan jini, ko wanda ya daɗe a kan kujerar ofis, ya fara ganin likita tukuna, kuma sau biyu a mako ya isa.