Me Tsohuwar Wayar Ta Yi Maka?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar Potiskum ranar Laraba ya san ba a sayen sa da kallo daga nesa. Mai saye sai ya zagaya shi, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya danna tozo, ya sa a kora shi ya ga takunsa, sannan a zauna ciniki, dillali na jan wannan gefe yana rarrashin wancan. Haka ma masu tireloli, waɗanda garin nan ya yi suna da su. Ba za ka ji mutum ya rabu da motarsa don kawai kamfani ya fito da sabuwar ƙira ba. In taya ta cinye a canja taya, in batir ya mutu a ɗaura wani, mota ta ci gaba da kai kaya Legas da Fatakwal. Amma mutanen nan masu ido a kan dabba da ƙarfe, da zarar sun shiga shagon waya sai idon ya rufe. Yaron shago ya miƙo kwali mai sheƙi ya ce, "Alhaji, wannan ce sabuwar fita," shi ke nan an gama da mutum. Abin da nake son mai karatu ya yi shi ne ya kai wa waya irin idon da yake kai wa sa: kafin ya canja ta, ya iya faɗin laifinta da baki ɗaya, ya kuma tabbatar laifin ba na gyara ba ne.

Fitar sabuwar waya ba ta da alaƙa da tsufan taka. Kalandar kamfani ce kawai. Apple da Samsung suna fitar da manyan wayoyinsu duk shekara, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin kuwa, wanda shi ke yin Tecno da Infinix da itel da suka cika aljihunan mutanenmu, yana fitar da ƙira daban-daban a cikin shekara guda. Kamfani ba zai rufe masana'anta ya jira wayarka ta lalace ba, dole ya nemo abin da zai rubuta a jikin kwali. Daga nan lambobin ke fitowa. Za ka ga an rubuta 8+8 a wajen ƙarfin gudun waya, mai saye ya ɗauka goma sha shida ne, alhali takwas na biyun aro ne daga ma'adanar wayar, kuma ba ya sauri kamar na asali. Za ka ga an ce kyamara mai lamba 50 ko 108, alhali kyan hoto ya fi dogara ga girman idon kyamarar da yadda manhaja ke sarrafa haske, shi ya sa hoton da aka ɗauka da dare a wurin biki yake fitowa dishi-dishi duk girman lambar. Sai kuma 5G. Lokacin da MTN ta fara shi a 2022, birane bakwai ta zaɓa: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Potiskum ba ta ciki. Wanda zai ƙara kuɗi saboda 5G, ya fara tambaya ko sabis ɗin ya iso unguwar da yake kwana da wurin da yake sana'a, in ba haka ba ya sayi sirdi ne babu doki.

In ka saurari masu cewa wayarsu ta tsufa, kokensu bai wuce uku ba: ba ta riƙe caji, ta cika, tana nauyi. Na farkon shi ne ya fi yawa, kuma yanayin garinmu na da hannu a ciki. Batirin waya abu ne da ke ƙarewa da amfani kamar tayar mota. Kamfanin Apple da kansa ya ce batirin wayoyinsa na shekarun baya an yi shi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, ya kuma yi gargaɗin cewa zafin da ya haura maki 35 na iya lalata batir har abada. To a Potiskum watan Afrilu zafi na haura maki 40. Leƙa shagon mai caji da azahar ka gani: allon katako an jera masa soket fiye da ƙirga, wayoyi an liƙa wa kowace lamba da salatif an ɗora wata kan wata, rufin kwano na tafasa daga sama, janareto na ruri daga baya yana ɗaga wuta yana saukewa. Ko ka duba wayar direba da ke kwance gaban gilashin mota tun daga nan har Jos, caja a jikinta, rana na dukanta. Wayar da ta sha wannan shekara biyu dole batirinta ya gaji, wani har ya kumbura ya ɗago murfin baya, kuma wannan kam a cire shi nan take don yana iya kamawa da wuta. Sai dai batir ne ya gaji, sauran wayar lafiyarta ƙalau. Mai gyaran da ya san aikinsa zai sa sabo a kan kuɗin da bai kai kusa da na sabuwar waya ba. Wani lokaci ma batirin ba shi da laifi, ƙurar hunturu ce ta toshe ramin caji, ko kuma cajar araha ce da aka saya a tasha.

Cika da nauyi kuwa galibi ciwo ɗaya ne. Mutum yana cikin zauren WhatsApp goma sha, na dangi da na unguwa da na 'yan kasuwa da na tsofaffin ɗalibai, kowane zaure ana zubo bidiyon wa'azi da na barkwanci da hotunan suna, wayar na saukewa da kanta ba tare da ya sani ba. Bidiyo ɗaya sai ya shigo sau huɗu ta zaure huɗu. Ma'adana in ta cika maƙil, waya sai ta riƙa ja da ƙyar. A kashe saukewa da kanta, a share abin da ba a buƙata, a kwashe hotuna masu daraja zuwa memori, a cire manhajojin da aka manta da su. Aikin rabin sa'a ne. Wanda bai koyi wannan ba, sabuwar ma wata shida zai cika ta ya dawo yana cewa wayoyin yanzu ba su da ƙarko.

Yanzu a zo ga kuɗi. Duk wayar da ke kasuwa da dala aka shigo da ita. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, da aka saki naira ta nemi darajarta da kanta sai ga dala ta haura 1,500 a cikin 2024, farashin waya ya bi ta. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Sabuwar waya kuma ba ta zuwa ita kaɗai, tana jawo riga da gilashin kariya da ƙarin shan data, don babbar fuska da kyamara mai ƙarfi manyan bidiyo suke so. Hanya mafi sauƙi ta gane nauyin abin ita ce a juya farashin zuwa abin da aka sani: buhun gero nawa ne, buhun taki nawa, kuɗin makarantar yara na zango nawa, tumaki nawa. Ragon da ka turke bayan ƙaramar salla kana ba shi dusa da harawa, kafin layya ya ƙara daraja. Waya kuwa ranar da ka yage ledar kwalinta ta fara raguwa. Wani zai ce ai gara a saya yau tunda gobe tsada za ta ƙara, har ya kawo misalin wanda ya sayar da tsohuwar wayarsa sama da yadda ya saye ta. Hakan ya faru, amma ba wayar ce ta ƙara daraja ba, naira ce ta faɗi, kuma da ya koma shago da kuɗin ya tarar ba za su sayo masa kamarta ba. Mai tsoron faɗuwar naira yana da wuraren ajiya da suka fi waya nesa ba kusa ba, kuma mutumin Potiskum ba ya buƙatar a nuna masa su.

Akwai kuma tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya shigo shaguna, wanda ya sa abin da ya fi ƙarfin mutum yake zama kamar mai sauƙi. Ka ba da wani kaso ka tafi da waya, saura ka riƙa biya duk wata ko duk mako. Abin da ba a cika tsayawa a bayyana ba shi ne jimillar abin da za ka biya ta fi farashin hannu da hannu, kuma da yawan irin waɗannan wayoyi akwai manhaja a cikinsu da ke kulle su in ranar biya ta wuce. Ka ɗauka ɗan acaɓa ko mai keke Napep da ya yi rashin lafiyar mako biyu: ranar da ya fi buƙatar kiran ɗan'uwa ko karɓar tiransfa, ranar wayar za ta rufe masa fuska. Kafin a sa hannu, a ce wa mai shago ya rubuta jimillar kuɗin a takarda, da abin da zai faru in an makara, a je gida a kwana a kai.

Ba ina cewa kada a taɓa canja waya ba. Da tsohuwar zuma ake magani, amma waya ba zuma ba ce, akwai ranar da take ƙarewa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, waya ta zama aljihun mutane, har mai shayi da mai nama tiransfa suke karɓa. Wayar da ke ɗauke da asusunka na banki tana buƙatar gyaran tsaro da kamfani ke turowa lokaci-lokaci don toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma kowane kamfani yana da ranar da yake daina turowa. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara bakwai a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a 2024, amma yawancin wayoyin araha ba sa samun kusa da haka. Shiga saitin wayarka ka duba ranar da aka yi mata gyaran tsaro na ƙarshe. In shekaru sun wuce, kuma kana juya kuɗin ciniki a cikinta, wannan dalili ne na gaske. Haka in manhajar bankinka ta ƙi hawa, ko WhatsApp ya yi sallama da ita kamar yadda ya yi da wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0 a watan Oktoban 2023, ko wayar ba ta kama 4G, ko injinta ya fara mutuwa har kuɗin gyara na neman rabin kuɗin sabuwa. Sannan akwai waɗanda kyamara ce jarinsu: matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin gida ta hanyar hotuna, ko dillalin da ke kiran mai saye a kudu ta bidiyo yana nuna masa shanu ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan in sun canja waya kayan aiki suka saya, kuma cikin 'yan watanni za su iya lissafa ko ta mayar da kuɗinta.

Hujjar da ba a cika faɗa a fili ba, amma ita ce ta fi tura mutane shago, ita ce idon jama'a. A majalisa ana ajiye waya a kan benci fuska sama don a ga ƙirarta. Saurayi na jin in bai fito da waya mai ido uku a baya ba budurwa za ta raina shi, ita ma tana jin kunyar ƙawaye a wurin kamu. Ba zan ce wannan ba komai ba ne, don mutum ba ya rayuwa shi kaɗai, kuma son a gan ka da kyau ba laifi ba ne. Matsalar ita ce wannan irin girma ajalinsa gajere ne. Babbar riga mai aiki za ka sa ta salla biyar ana yabawa, waya kuwa kafin ka gama biyan bashinta an fito da ƙanwarta, yaran unguwa sun haddace lambar sabuwar, taka ta koma ta bara. Kuma garin nan ƙarami ne ta wannan fuska: wanda ya riƙe waya mai tsada alhali mai shago na bin sa kuɗin shinkafa, an san shi.

In an auna an ga canjin ya zama dole, ba lallai sai sabuwar fita ba. Ƙirar bara, wadda farashinta ya sauka saboda an fito da ta bana, sau da yawa ita ce cinikin mai hankali. Ta hannu kuwa, ko a nan ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, sai da taka-tsantsan, don kama da wane ba ta wane. A danna *#06# a ga lambar IMEI, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, a karɓi rasit mai sunan shago da lambar a rubuce. A tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, in ba haka ba ka sayi dutse. Wayar da aka miƙo maka a tasha a rabin kuɗi, babu kwali babu rasit, mai sayarwa na waige-waige, ta sata ce sai in an tabbatar da akasin haka, kuma ranar da aka bi sawunta a hannunka za a same ta. Ita kuma tsohuwar, ko sayarwa za ka yi ko ba wa ƙaninka, kada ta bar hannunka sai ka cire layi da memori, ka fita daga manhajar banki da WhatsApp da Facebook, ka kwashe hotunan iyalinka, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Layin nan an haɗa shi da lambarka ta NIN da asusunka na banki, duk abin da aka aikata da shi ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.