Abin da ya kamata a duba kafin sayen ƙaramar MP a Katsina

Ƙaramar na'urar sauraron waƙa da karatu, wadda mutanen Katsina suka fi sani da MP, ta dogara ne a kan tsarin matse sauti na MP3, wanda masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci samar da shi a farkon shekarun 1990. Matse sauti shi ne zubar da ɓangarorin da kunnen ɗan Adam bai cika ji ba, ta yadda abin da aka naɗa zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na girmansa ba tare da mai sauraro ya lura sosai ba. A shekarar 1998 aka fara sayar da irin wannan na'ura ta aljihu, wato MPMan ta Koriya ta Kudu, sai iPod ta kamfanin Apple ta biyo baya a 2001, aka daina ƙera ta a 2022 bayan wayar hannu ta ƙwace mata kasuwa. A Katsina kuwa har gobe MP tana da masu nema, domin tela da mai shayi da direban keke napep da manomi duk sun san cewa, a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kuɗin data ke ƙara tsada, ba dabara ba ce a ƙarar da cajin waya a kan sauraro.

Iri biyu aka fi samu a shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwa da teburan masu kayan waya, akasarinsu ƙirar Sin ne. Akwai 'yar mitsitsiya marar lasifika, wadda sai da iyafis ake jin ta, akwai kuma mai lasifika da rediyon FM da ramin memori da na filas, kuma ita ce ta fi karɓuwa, tunda sauraro a nan yawanci abu ne na taro.

Kuskuren da ya fi yawa wajen zaɓe shi ne auna na'urar da ƙarfin ƙararta da walƙiyar fitilunta, alhali abin da ya kamata ya yi jagora shi ne irin abin da za a saurara. Mai sauraron Katsina dogayen abubuwa yake ji: tafsirin watan azumi na Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ko na Sheikh Ɗahiru Bauchi, wanda zama guda kan wuce awa ɗaya, ko karatun Alƙur'ani sura bayan sura, ko waƙoƙin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da aka kwafo daga tsofaffin kasakasai. Saboda haka abu na farko da za a gwada shi ne ko na'urar tana tuna inda aka tsaya, wato idan aka kashe ta don tafiya salla aka dawo aka kunna, ta ci gaba daga wurin, maimakon ta koma farkon karatun. Da yawa daga cikin masu araha ba sa yin haka, kuma masu sayarwa ba su cika ambaton wannan ba sai an tambaya. Na biyu shi ne hanyar nemo abin da ake so: wadda ke da maɓallan lambobi daga 0 zuwa 9 da ɗan allo mai nuna lamba takan ba mutum damar danna 36 ya faɗa kan Yasin kai tsaye idan an jera surorin bisa tsari, amma mai maɓallin gaba da baya kaɗai sai an yi ta latsawa har yatsa ya gaji.

Batun memori ma yana da tarko. Sautin da aka matse a matsakaicin inganci yana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, don haka memori mai gigabait 8 kan ɗauki sama da awa 120, wanda ya ishi mafi yawan mutane. Ƙananan na'urori da dama ba sa karanta abin da ya haura gigabait 32, sannan jabun memori ya cika kasuwa, irin wanda aka rubuta masa babban adadi amma da zarar an wuce ɗan abin da yake iya ɗauka sai waƙoƙin su riƙa lalacewa ko ɓacewa. Ya fi dacewa a kai memorin da aka saya wurin masu tura waƙoƙi a cika shi, a saurari na farko da na tsakiya da na ƙarshe, kuma a jaddada musu cewa a tsarin MP3 ake so, domin saƙon murya da ake saukewa daga WhatsApp yana zuwa da wani tsari na daban da yawancin waɗannan na'urori ba sa buɗewa.

Batir shi ne abin da ke fara mutuwa. Na'urar da ake buɗe bayanta a canza batirin, kamar mai amfani da BL-5C na tsofaffin wayoyin Nokia ko dogon batirin nan mai lamba 18650, ta fi wadda aka rufe nata ruf, ko da ta ɗan fi ta tsada, saboda ana samun madadinsa a wurin masu gyaran waya. Zafin watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni kan kai digiri 40, yana saurin kashe batirin lithium, musamman idan an bar na'urar a rana ko a gaban mota, kamar yadda ƙurar hunturu kan toshe ramin caji da na memori. Adadin ƙarfin da ake bugawa a kwali ba abin dogaro ba ne, kuma fitilun ado da bulutut suna shan caji ko ba a buƙatarsu, don haka a tabbatar akwai maɓallin kashe su.

Mai amfani da iyafis yana da ƙarin abin kiyayewa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa baligi sauraron da bai wuce desibel 80 ba, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na tsawon awa 40 a mako, kuma lokacin yana raguwa ƙwarai da zarar an ƙara murya, abin da mai tafiya a hayaniyar titin IBB ko Ƙofar Ƙaura kan yi ba tare da ya sani ba.