Riƙe ma'aikata idan kasuwa ta tsaya: abin lura daga fadamar Baturiya

Mutanen nesa sun san Baturiya ne da tsuntsayen da ke sauka dausayinta daga Turai lokacin hunturu, musamman tun 2008 da aka sa ta cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ga mutanen ƙaramar hukumar Kirikasamma kuwa, wurin neman abinci ne. Wanda ke da mutum goma a ƙarƙashinsa a nan ba ofis gare shi ba. Manomin shinkafa ne mai ɗaukar ƴan dashe, ko mai koma da jirgi da yara huɗu, ko mai injin casa a Haɗejiya, ko fatken bandar kifi. Sai dai damuwarsa ɗaya ce da ta manajan kamfani a Bompai ko Sharaɗa: abin da ke shigowa ya ragu, abin da ke fita ya ƙaru, ga kuma mutane suna kallon fuskarsa kowace safiya.

Shekarun nan ba su yi wa masu gida sauƙi ba. Ambaliyar 2022 ta cinye gonaki a masarautar Haɗejiya. Farkon 2023 canjin kuɗi ya sa takardar naira ta ɓace, mai kuɗi a banki ya kasa biyan ɗan ƙwadago. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai; litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ga mai noman rani, wanda injin ban ruwansa fetur yake sha, wannan kai tsaye cikin kuɗin ƙwadago ya ci. A 2025 kuma farashin shanshera ya faɗi, taki bai sauko ba.

Abu na farko da ya kamata mai ma'aikata ya sani shi ne, mutum yana jure ƙaramin lada fiye da yadda yake jure zaman duhu. Yaron da bai san ko za a biya shi ranar Alhamis ba, bai kuma san ko zai kai ƙarshen wata a wurin ba, rabin hankalinsa ya riga ya tafi ci-rani Kano ko Legas. Masu gida da yawa suna ɓoye asara saboda kunya, ko don gudun kada yara su raina su. Wannan ɓoyon ba ya aiki. Wanda ke zuba wa inji mai ya san jarka nawa ake ƙonawa, wanda ya ɗinke buhu ya san nawa aka samu. Idan maigida ya yi shiru, su za su yi lissafin da kansu a ƙarƙashin bishiya, kuma lissafin ƙarƙashin bishiya kullum maigida ne ke fitowa da riba a cikinsa.

Gara a zauna a bakin gona bayan la'asar a faɗa musu baki da baki. "Samari, bara buhu kaza muka sayar, bana kun ga yadda ake taya shi. Kuɗin yini ba zan iya ƙarawa ba sai an yi yanka. Amma abin da na ce zan ba ku, ba zai kwana a hannuna ba." Babban cikinsu zai ce, "To Alhaji, idan an yi yankan fa?" Nan ne wurin da ake gane maigida. Kada ya ce Allah zai kawo sauƙi ya miƙe. Ya faɗi adadi, ko kwano nawa a buhu, a gaban kowa, ya kuma faɗi abin da zai iya cikawa ko da kasuwa ta ƙara faɗuwa. Alƙawari kaya ne, kuma a shekarar tsanani gara ƙarami da aka sauke da babba da aka bari a hanya.

Biya a kan lokaci ya fi ƙari da jinkiri. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: lokacin da hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuɗin da aka riƙe wa mutum wata biyu ba shi ne kuɗin da ya yi wa aiki ba. Ɗan ƙwadago kuwa da kuɗin yau yake cefanen yau. Idan tsabar kuɗi ta yi wuya, akwai tsohuwar hanya da canjin kuɗi ya dawo da ita, wato biya da hatsi. Tana da kyau muddin an yi awo da mudun kasuwa kuma da farashin ranar, ba wanda maigida ya yanka wa kansa ba. Akwai kuma abincin rana. A ganina shi ne abu na ƙarshe da ya kamata a taɓa, amma shi aka fi saurin yankewa, don ana ganin ƙaramin abu ne. Wanda ya wuni tsugune cikin taɓo yana dashe, fura ko ɗanwaken da aka kawo masa da hantsi shi ne shaidar cewa an san da shi.

Sai batun rage mutane, wanda a nan fadamar ta fi littattafan kasuwanci iya koyarwa. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan kogin Haɗejiya ya sauya hali. Malalar damina ta ragu, ruwa kuma ya daina ɗaukewa ƙaf da rani a wasu rassan, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki har zuwa Guri da Nguru. Mutanen yankin ba su tsira da sana'a ɗaya ba. Gida ɗaya za ka samu ana su idan ruwa ya cika, ana shinkafa, ana bin ruwa da wake da kayan lambu idan ya janye, ana kiwo a gefe. Maigidan da ya fahimci wannan ba ya gaggawar korar yaronsa don aiki ɗaya ya tsaya. Yaron jirgi ya koma banda ko gyaran koma. Mai ba ruwa ya koma yankan kacalla a bakin magudana. Idan injin casa ba ya samun aikin kwana shida, a raba kwana ukun da ke akwai tsakanin kowa maimakon a sallami rabi. Jamus ma da wannan dabarar ta rage awannin aiki ta riƙe ma'aikatanta a karayar tattalin arzikin 2009, sai dai a can gwamnati ce ke cike wani ɓangare na albashin, a nan kuwa aljihun maigida ne kawai.

Ribar wannan tana zuwa ne ranar yanka. Shinkafar Auyo da ta Kirikasamma kusan lokaci ɗaya suke nuna, kowa na neman hannu, kuma ƴan ƙwadago suna tuna wanda ya riƙe su da wanda ya watsar.

Ragi kuma daga sama yake farawa. Ba a cewa babu kuɗin ƙari a wannan makon, mako mai zuwa a ga sabon babur a ƙofar gida. Haka nan ba a rage wa bare a bar ɗan ɗaki. Wannan ne ya fi yi wa masu gida wuya, don ɗan yaya ko ƙanen mata yana cikin yaran, ga kunyar gida. To amma sauran suna gani, kuma daga ranar da suka gani, mai zai fara ɓacewa daga jarka.

Akwai abubuwan da ba sa cin ko kwabo. Kiran mutum da sunansa na girma. Yi masa faɗa a keɓe, yaba masa a gaban jama'a. Zuwa sunan ɗansa ko gaisuwar rasuwar gidansu. Mafi amfani a cikinsu shi ne neman shawara. Tun da mai ya yi tsada manoma ke komawa injin sola ko su mai da nasu mai shan gas, kuma wanda ya fi sanin ko hakan zai ɗauki gonar shi ne yaron da ke kwana da injin. Idan shawararsa ta rage kashe kuɗi, a ba shi wani abu daga abin da aka rage. Yaron shago kuwa, ko na injin casa, abin da ke riƙe shi shekara da shekaru shi ne sa ran sallama, ranar da ubangida zai ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Idan tsanani ya ɗaga ranar, a faɗa masa an ɗaga da kuma zuwa yaushe. Kada a bar maganar ta mutu.

Ta ɓangaren doka, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, bai kuma hau kan aikin jinga ko ƙwadagon gona na lokaci-lokaci ba. Ke nan yawancin masu aikin fadama adalcin maigida ne kawai garkuwarsu. Amma mai kamfanin shinkafa ko gidan mai ko makarantar kuɗi ya sani cewa dokar ƙwadago ta ƙasa ta tanadi wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Idan rage mutanen ya zama dole, maigida ya faɗa da bakinsa, ba ta hannun babban yaro ba, ya biya ciko duka a ranar, ya kuma yi wa mutumin magana a wurin wani maigidan kafin ya tafi.