Babi na 6: Iskar da ke Cikin Ruwa

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce. Ruwa kuwa marowaci ne. Lita guda a zafin digiri 25 abin da take iya riƙewa bai wuce miligiram 8 da 'yan kai ba, in zafin ya kai digiri 35 sai ya sauko wajen 7. Jininmu ya tsallake wannan matsala da himogulobin, sinadarin nan mai ƙarfe da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, wanda ke dakon kusan kashi 98 na oksijin daga huhu zuwa tsoka. Wannan duk ɗalibi ya san shi, mu wuce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar masu kiwon kifi. Mutum ya wayi gari a watan Afirilu, ya tarar da karfasarsa ta yi rigingine a saman ruwa, nan take ya ce maƙiyi ne ya zuba guba, ko an yi masa sammu. Haba! Me ya sa kullum da asuba? Gansakukar da ta mayar da ruwan kore tana fitar da oksijin da rana, amma da dare ita ma shaƙa take yi. Ga kifin, ga ƙwayoyin da ke ruɓar da ragowar abinci, kowa na ja, ruwan kuma ya yi ɗumi. Kafin alfijir iskar ta ƙare. Maganin shi ne a motsa ruwan: a kunna famfo ya riƙa fantsama shi sama, a zuba sabo, a rage abinci.

Tarwaɗa ta fi juriya, domin a cikin kanta akwai wata gaɓa mai rassa da take shaƙar iskar waje da ita. Amma gwana ita ce gaiwa, wadda masuntan Tafkin Chadi da fadamun Haɗejiya suka sani sarai. Huhu gare ta na gaske, har ma in aka hana ta leƙowa sama sai ta nutse. In rani ya ƙafar da ruwa, ta haƙa rami a laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta bar 'yar kafa ta numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni, tana cin naman jikinta kaɗan-kaɗan, sai ruwan damina ya jiƙa lakar ta fito.