Aikin Sau Ɗaya Ba Na Cron Ba Ne

Masu kula da kwamfutocin Linux sun saba da cron, manhajar da ke maimaita aiki kullum ko duk mako, har ta kai wasu na ɗora mata aikin da sau ɗaya tak ake so ya gudana. Wannan kuskure ne, domin cron ba ta lura da shekara. Idan ka sa mata 3 ga Maris, baɗi war haka za ta sake aikin, sai dai in ka tuna ka goge layin. Maganin wannan shi ne umarnin at, wanda yake cikin Unix tun bugu na bakwai a 1979. Za ka rubuta at 23:00, ka jera abin da kake so a yi, ka danna Ctrl+D. Daga nan atd, wadda ke aiki a bayan fage, za ta jira lokacin, ta aiwatar, ta share aikin daga jerin gwano. Da atq ake duba abin da ke jira, da atrm kuma ake soke shi.

Amfaninsa ya fi fitowa fili wurin mai gyara katangar tsaron sabar da ke nesa da shi. Ƙa'ida ɗaya da ya rubuta ba daidai ba tana iya rufe masa ƙofa. Mai dabara kan fara rubuta at now + 10 minutes, ya umarci na'urar ta dawo da tsofaffin ƙa'idoji bayan minti goma. Idan gyaran ya yi, sai ya soke. Idan bai yi ba, ƙofa ta buɗe da kanta.

Wani zai ce ai umarnin sleep ya isa. To, sleep yakan mutu da zarar an rufe tagar umarni, kuma ba ya tsira idan an kashe na'ura, alhali at yana ajiye aikinsa a faifai, ya gudanar da shi idan ta dawo. Wani kuma zai ce umarnin systemd-run ya maye gurbin at. Gaskiya yana iya wannan aiki, amma at yana cikin ƙa'idar POSIX, don haka ana samunsa har a BSD. Sharaɗi ɗaya ne: ka tabbata an girka shi kuma atd tana aiki, in ba haka ba aikinka zai yi ta jira har lokacinsa ya wuce.