Lakwaja: Garin Da Kwara Da Binuwai Suka Haɗu

A gindin Dutsen Patti, inda Kogin Kwara ya haɗu da Binuwai, nan Lakwaja take. Ruwan nan ne ya jawo Turawa. Wajen 1860 William Baikie ya kafa zangon ciniki a wurin, daga baya kamfanin Royal Niger ya mayar da garin tashar jiragen ruwansa. A nan ne Lugard ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, ya ayyana Arewa a ƙarƙashin mulkin Turawa, kafin a kai hedikwata Zungeru.

Ga mutanen Arewa, sunan garin yana da ɗaci. Nan Turawa suka riƙa kai sarakunan da suka tuɓe: Sarakunan Zazzau Kwasau da Aliyu Ɗan Sidi, da Sarkin Kano Alu wanda ya rasu a can a 1926. Kaburburansu suna nan.

Da jirgin ƙasa ya ƙwace sufuri, tashar ta yi sanyi, sai a 1991 garin ya farfaɗo da zama babban birnin Jihar Kogi. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun shanye gidaje, suka datse hanyar Abuja, manyan motoci suka kwana a layi. Garin yana buƙatar a yashe kogin, a kuma kula da kaburburan nan.