Mai Ciwon Suga da Ƙarshen Wata

A shekarar 2014, Dakta Hilary Seligman ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi kan takardun asibitocin jihar. Sun gano cewa a makon ƙarshe na wata, talakawan da ake kwantarwa saboda faɗuwar suga suna ƙaruwa da kashi 27 cikin ɗari a kan makon farko. Masu hannu da shuni kuwa, farkon wata da ƙarshensa duk ɗaya ne. Kuɗin cefane ya ƙare, magani bai ƙare ba.

Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide ba ruwansu da ko an ɗora tukunya. In mutum ya sha da yunwa, suga kan sauka ƙasa da 70, sai karkarwa, zufa mai sanyi, jiri, wani lokaci har suma. Ranar da 'yan kuɗi suka shigo kuma, abin da ke cika ciki da arha ake saye: burodi, taliya, farar shinkafa, a nan gida garin kwaki da suga. Sai suga ya yi tashin gwauron zabi. Gaba kura, baya sayaki.

Na'urar tsira yatsa tana faɗin halin da ake ciki ne a wannan minti kawai, ga tsadar tsinken gwaji. Shi ya sa ake yabon 'yar na'urar da ake mannawa a bayan damtse, irin su FreeStyle Libre, wadda ke kwana 14 tana awo dare da rana tana turawa waya. Takan nuna wa likita faɗuwar da ake yi cikin barci. Amma me za ta yi wa wanda ta gargaɗa alhali gidansa ba ko loma?

Ba da abincin ma ba sha yanzu magani yanzu ba ne. Asibitocin Geisinger na jihar Fensilbeniya sun fara raba wa irin waɗannan majinyata kayan lambu da sauran abinci mai gina jiki tun 2016. Da aka gwada shirin, sakamakon da ya fito a ƙarshen 2023 ya nuna sugan waɗanda aka bai wa abinci ya sauka, na waɗanda ke jiran layi, ba a fara ba su ba, shi ma ya sauka kusan haka.

A ganina, abin da ya fi sauƙi shi aka fi mantawa: likita ya tambaya, "Baba, abinci yana kai ku ƙarshen wata?" Kunya kan hana magidanci faɗa da kansa. In amsar a'a ce, ana iya rage adadin magani ko a koma metformin, wanda da wuya ya kayar da suga shi kaɗai, sannan a nuna masa yadda wake, gyaɗa da zogale za su rage masa yawan tuwo a kwano.